Miƙa Aikin Jinga Ta Intanet: Yaushe Ne Aiki Ya Isa Hannun Malami?

A da, ɗalibin jami'a yakan rubuta jingarsa a takarda, ya miƙa wa shugaban aji, shi kuma ya kai ofishin malami. A yau jami'o'i da dama suna karɓar aikin ne ta dandalin karatu na intanet, musamman tun bayan rufe makarantu saboda annobar korona a 2020. Daga cikin manhajojin da suka shahara a wannan fanni akwai Moodle, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002. Wajibi ne mai shirin shiga jami'a ya fahimci wannan hanya, domin aikin da bai isa ba daidai yake da wanda ba a yi ba.

Yadda aikin ke tafiya

Idan ɗalibi ya danna maɓallin aikawa, fayil ɗinsa ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi gutsure-gutsure, kowane gutsure ɗauke da adireshin inda za shi. Sukan bi ta turakun sadarwa da wayoyi har su isa babbar kwamfutar da ke riƙe da dandalin, wadda ake kira saba. A can ne ake sake harhaɗa su. Idan sadarwa ta yanke kafin su cika, to aiki bai isa ba. Haka kuma, agogon saba ne alƙali, ba na wayar ɗalibi ba.

A Moodle, malami na iya sa lokaci iri biyu. Na farko shi ne wa'adi: aikin da ya zo bayansa za a karɓa, amma da tambarin latti. Na biyu shi ne lokacin rufe ƙofa, wanda bayansa ba a karɓar komai. Bugu da ƙari, malami na iya tsara dandalin yadda aikin da aka ɗora zai zauna a matsayin daftari, har sai ɗalibi ya danna maɓalli na biyu na tabbatarwa.

Misali daga ilimin halittu

A ce ɗalibi ya zana ƙwayoyin halittar fatar albasa kamar yadda ya gan su a madubin likita, ya ɗauki hoto biyar da waya, kowane mai nauyin megabayit 4. Jimla 20 ke nan. Idan malami ya ƙayyade 10, dandali zai ƙi karɓa. Mafita ita ce a rage nauyin hotunan, a haɗe su cikin fayil ɗaya na PDF, sannan a duba cewa sunayen sassa da adadin girmamawar madubin suna karantuwa.

A kuma sani cewa wasu jami'o'i suna bi da aiki ta manhajar Turnitin, wadda ke kwatanta shi da shafukan intanet da mujallu da ayyukan ɗaliban baya, ta nuna wa malami inda suka yi kama.

Shawara

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A aika aiki da kwana ɗaya a hannu, a sake buɗe shi a dandalin don tabbatarwa, a kuma ɗauki hoton shafin da ke nuna rana da lokacin karɓa. Malaman sakandare kuwa, ya kamata su fara horar da ɗalibai tun yanzu, ganin cewa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya.