Filin Shawara: Hannuna ya ƙi ɗaguwa bayan tiyata

Wata biyu ke nan da aka cire mini nonon dama saboda ciwon daji, yanzu ina karɓar kemo. Hannuna ya ƙi ɗaguwa, ko ɗankwali sai an ɗaura mini, ga gajiya kamar na wuni ina daka. Surukata ta ce in kwanta kawai, za ta kira wanzami ya yi mini ƙaho. Yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, Funtuwa

Ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Mu fara da ƙahon: kada ki yarda. A irin wannan tiyata akan cire kaluluwar hammata, wadda ke kwashe ruwan da ke taruwa a hannu. Ƙaramin tsagi na iya shigar da ƙwayar cuta, hannun ya kumbura, kumburin kuma ya zama na dindindin. Ga kemo ya riga ya raunana garkuwar jikinki.

Hajiya surukarki da ƙauna ta faɗa, na sani, amma kwanciyar ce ke ƙara sandarar da kafaɗa, ita ke kuma ƙara gajiyar. In za a yi miki gashi da na'ura bayan kemo, sai kin iya ɗaga hannun sama da kanki. Ki roƙi likitanki ya tura ki sashen gashin ƙashi. Akwai shi a asibitin koyarwa na Shika, kusa da ke. Cikin abin da sukan koyar har da fuskantar bango, ki riƙa hawa da yatsu sannu a hankali, ki tsaya inda kika ji ja, tun kafin ya zama zafi. Ki haɗa da tattaki a tsakar gida, minti 10 da safe, 10 da yamma. Ranar da kemo ya kayar da ke, ki huta abinki.

Amma idan hannun ya yi ja da zafi, ko zazzaɓi ya kai 38, ko kika ji sabon ciwo a ƙashi, ki bar motsa jikin ki tafi asibiti a ranar.

Ita kuwa Hajiya, kada ki ja da ita. Ki ɗauke ta ku je asibitin tare, ta ji daga bakin likita.