DARASI: GYARAN ƊAKIN INJI NA TSOHUWAR MOTA

Ranar Laraba kasuwar Ƙonni ke ci. Tun da asuba motoci ke shigowa daga Tsarnawa, da Malbaza, da Galmi, da ƙauyukan Illela. Suna ɗauke da albasa, da hatsi, da awaki, da mutane. Da yawa a cikinsu tsofaffi ne. Akwai ƙauyen da mota ɗaya tak gare shi. Ita ke kai albasa kasuwa. Ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibitin Ƙonni ko na Galmi da tsakar dare. In ta lalace, duk gari ya ji a jikinsa.

Yanzu Toyota ta fi yawa a hanya, amma tsofaffin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, ba su ƙare ba. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960. An fara ƙera 504 a 1968. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daina yin 504 a 2006. Ke nan ko ƙaramar cikinsu ta kwana biyu a duniya.

Mai son tada irin wannan mota yakan fara da inji, ya ƙare da fentin waje. Akwai wurin da ake mantawa, shi ne ɗakin inji.

MENE NE ƊAKIN INJI?

In an ɗaga marfin gaba na mota, wanda direbobi ke kira kapo, za a ga inji zaune cikin wani ɗaki na ƙarfe. Ɗakin yana da bango dama da hagu. Yana da bango na baya, tsakanin inji da ƙafafun direba. A ƙasa akwai dogayen ƙarafa 2 masu ɗauke da nauyin gaban mota.

A Peugeot 404 da 504, kan amortisar na gaba yana ɗaure ne a bangon dama da na hagu. Amortisar shi ne ƙarfen da ke shanye girgizar hanya. In wurin ya ruɓe, wata rana a cikin rami zai ɓalle, sitiyari ya ƙwace wa direba. Saboda haka gyaran ɗakin inji ba kwalliya ba ne. Maganar rai ce.

ME KE KAWO TSATSA?

Ƙarfe yana tsatsa in ruwa da iska sun same shi tare. Fenti shi ne rigar da ke hana su taɓa shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙasar Ƙonni ba ta da yawan ruwan sama. Damina wata 4 ce, daga Yuni zuwa Satumba. Duk da haka ɗakin inji yana ruɓewa, don yana da abokan gaba 4:

1. Ruwan batir. Akwai asid a cikinsa. Batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle a hanya, asid ya zuba, ya ci fenti, ya ci ƙarfe.
2. Man birki. Duk inda ya ɗiga, fenti yakan kumbura ya ɓare.
3. Ruwan radiyata. In yana yoyo, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ba ya bushewa.
4. Laka. Lakar fadamar Magiya tana maƙalewa a lungu, ta riƙe laima kwana da kwanaki.

Ban da tsatsa akwai tsagewa. Gargadar hanya da lodi fiye da kima suna gajiyar da ƙarfe har ya tsage.

KAFIN A FARA AIKI

A fara cire batir. Batir yana da kai 2: ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar −. A kwance na − tukuna, sannan na +. Ranar mayarwa a ɗaura na + tukuna, na − ya zo ƙarshe. In an juya, makulli na iya taɓa jikin mota, wuta ta tashi. Kada a sha taba kusa da batir, don yana fitar da iska mai kama wuta.

Duk wayar da za a cire, a ɗaura mata ƴar takarda da lamba: 1, 2, 3. A rubuta lambar a littafi tare da inda wayar ta fito. Kusoshi a zuba su cikin gwangwanaye, a rubuta suna a jikin kowane gwangwani. Nan karatu ke da rana. Wanda ya rubuta ba ya gardama da kansa bayan wata guda.

A nemi lambar mota. A motoci da yawa an buga ta a jikin ƙarfe cikin ɗakin inji, akwai kuma ɗan faranti mai rubutu. Mai mota ya karanta lambar, ya gwada ta da wadda ke cikin takardar motarsa, wato kart giriz. Kada a kankare ta. Kada a yanke wurin. Kada a binne ta da fenti mai kauri. Jandarma da ma'aikatan duwan suna duba wannan lamba. Motar da lambarta ta ɓace ana iya zarginta da sata.

WANKI

Fenti ba ya kama ƙarfe mai maiƙo. A goge baƙin mai da gazuwal ko kananzir, da burushi. Kada a yi wanki da fetur, don tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara. Bayan haka a wanke da ruwan omo, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Dattin wankin kada a zubar da shi kusa da rijiya ko garka.

Mazaunin batir yana da nasa wanki. A jiƙa kanwa ko bikarbonat, a zuba a wurin. Za a ga yana kumfa. Kumfar alama ce asid yana mutuwa. A yi ta zubawa har kumfa ta daina. Sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa, don kanwa ma in ta zauna tana jawo laima. In asid ya faɗa ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta har minti 15, a tafi wurin likita.

TSATSA IRI 3 CE

A ɗauki sukudireba a bi ƙarfe ana dannawa, ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara. Ruɓaɓɓe ba ya ƙara, yana lotsawa.

Ta farko ita ce tsatsar sama. Ja ce kawai, ƙarfe na nan da ƙarfinsa. Maganinta burushin waya da sanfefa.

Ta biyu ita ce mai ramuka kamar zanzana. A kankare har cikin ramukan. In ƙarfen ya yi siriri ƙwarai, a ɗauke shi kamar ya huje.

Ta uku ita ce wadda ta huda ƙarfe. Ba ta da magani sai yanka da walda.

A bayan sanfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A fara da 80, a bi da 180, a ƙare da 320. Ana tsayawa in ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli.

YANKA DA FACI

Wannan aikin mai gyaran jikin mota ne, wanda ake kira tolye. Amma mai mota ya tsaya ya ga abin da ake yi.

A yanke ruɓaɓɓen wuri duka, har a kai ga lafiyayyen ƙarfe. A aza kwali a kan ramin, a zana siffarsa, a yanko faci daidai da zanen. Ƙarfen jikin mota kaurinsa wajen milimita 1 ne. Inda ke ɗaukar nauyi ya fi haka kauri. Faci ya zama kaurinsa ɗaya da wurin da za a sa shi. Ƙofar matacciyar mota tana ba da faci mai kyau. Kwanon rufi bai dace ba. Ya yi siriri, kuma hayaƙinsa a walda yana sa zazzaɓi.

Ba a yin walda a ja ɗaya. A ɗiga nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo. In zafi ya yi yawa, ƙarfe yana karkacewa. In tsaga ce, a huda ɗan rami a ƙarshenta kafin walda, don kada ta ci gaba. Kafin a kunna wuta, a kawar da tiyon fetur da wayoyi. A duba bayan bango, ko akwai tabarma ko soso a cikin mota. A ajiye bokitin rairayi kusa.

Ga inda ake cutar masu mota. Wani yakan toshe rami da kwali ko tsumma, ya shafe da mastik, ya fesa fenti. Aikin ya fito sumul, amma kyan ɗan maciji ne. Mastik ba shi da ƙarfi. Amfaninsa cike ƴar lotsawa kawai. Ba a sa shi a mazaunin amortisar, ko mazaunin inji, ko dogayen ƙarafan ƙasa. Mai mota na iya ganewa da mayen ƙarfe: yana kama ƙarfe, ba ya kama mastik mai kauri. Mafi kyau, ya ce a nuna masa walda kafin a rufe ta.

FENTI

Ƙarfen da aka kankare ba ya kwana tsirara. Ran da aka gama, ran nan za a shafa fentin fari mai hana tsatsa, wanda ake kira antiruy. A shafa shi siriri sau 2. A cusa shi cikin lunguna da bakin walda. In ya bushe, a bi da fentin launi, siriri sau 2 ko 3. Shafi mai kauri yana zuba, kuma cikinsa ba ya bushewa. A karanta jikin gwangwani, a ga awa nawa za a jira tsakanin shafi da shafi.

Lokaci mai kyau shi ne da safe, a inuwa, ranar da babu iska. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti. Zafin rana tsaka yana busar da shi kafin ya kwanta. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Wuri 2 ba a toshe su da fenti. Na farko, ƴan ramukan da ruwa ke fita. Na biyu, inda ake ɗaura wayar − a jikin mota, wadda makanikai ke kira mas. A bar wurin fari, a ɗaura waya, a shafa giris a kai. In fenti ya shiga tsakani, mota tana ƙin tashi.

A KULA DA YARA

A gareji, yara masu koyon aiki ake ba gugar sanfefa. Tsohon fenti, musamman jan nan na da da ake kira miniyom, yana iya ƙunsar dalma. Dalma guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba ta nuna kanta da wuri. A 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400.

Saboda haka a jiƙa sanfefa da ruwa don ƙura ta ragu. Mai guga da mai fesa fenti su rufe hanci da baki. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ƙananan yara da mata masu ciki su nisanci wurin. Gwangwanin fenti ba ya zama kwanon sha.

BAYAN GYARA

A ɗaure batir tam da ƙarfensa, ba da igiya ba. In ruwansa ya ragu, a ƙara tataccen ruwa na batir, kada a cika shi har baki. In man birki ya ɗiga, a wanke shi da ruwa nan take. Bayan tafiya cikin laka, a wanke lunguna. Sau ɗaya a wata, a ɗaga kapo a duba mazaunin batir da na amortisar. In fenti ya kumbura, tsatsa ce a ƙarƙashi. A kankare ta tun tana ƙarama.

Ƙungiyar manoman da ta tara kuɗi ta sayi tsohuwar mota, ta naɗa mutum 2 masu karatu su bi aikin. Su rubuta abin da aka saya da abin da aka yi. Tolye na kirki ba ya jin haushin tambaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne abubuwa 4 ne ke kawo tsatsa a ɗakin inji?
2. Wane kan batir ake fara kwancewa?
3. Me ya sa ba a kankare lambar mota?
4. A ina ne ba a sa mastik?
5. Tsakanin sanfefa mai lamba 80 da mai lamba 320, wacce ta fi kaushi?

LISSAFI

An cire wayoyi 23. An sa wa 15 lamba. Wayoyi nawa suka rage?

An yi shafin farko ƙarfe 7 na safe. Gwangwani ya ce a jira awa 4. Ƙarfe nawa za a yi shafi na biyu?