Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Yara, ku tuna da kantun gishirin nan da kuke gani a kasuwar Sabon Maci, wurin masu sayar da kayan bisashe. Yana da tsawo, ƙasansa da faɗi, kansa siriri, launinsa kamar toka. Makiyayi yakan saye shi, ya fasa, ya ba shanunsa da tumakinsa su lasa. Kun taɓa tambayar inda ya fito?

Daga Balma ya fito, can arewa maso gabashin ƙasarmu Nijar. Tsakanin Agadas da Balma akwai wajen kilometir 600, kuma mafi yawan hanyar hamada ce tsantsa, wadda ake kira Tenere. Babu gari, babu gona, babu inuwa. Duk da haka, shekaru ɗaruruwa ke nan mutane suna ratsa ta da ƙafa, suna jan raƙumansu, su je su komo lafiya. Yau za mu koyi yadda suke yi, don duk mai niyyar doguwar tafiya a daji yana da abin koyo gare su.

Ayari da madugu

Mutum ɗaya ba ya shiga Tenere shi kaɗai. Matafiya sukan haɗu su yi ayari. Abzinawa ne suka fi yin wannan fatauci, musamman Kel Ewe na duwatsun Abzin, da Kel Geres waɗanda ke zaune kudu, wajen Madawa. A farkon ƙarni na 20, ayari ɗaya yakan kai raƙuma dubu 10 ko fiye.

Kowane ayari yana da shugaba. Sunansa madugu, kuma Abzinawa ma da wannan kalma ta Hausa suke kiransa. Shi ne ya san hanya. Shi ke faɗin ranar tashi, da wurin zango, da lokacin ɗaura kaya. Ba a zama madugu da kuɗi. Sai wanda ya bi hanyar sau da yawa tun yana yaro, ya riƙe akala bayan manya, har ya haddace kowane dutse da kowace rijiya.

Shiri na farko: lokaci

Ba kowane wata ake tashi ba. Da bazara, zafin Tenere ya fi ƙarfin mutum da dabba. Saboda haka babban ayari yana tashi da kaka, cikin watan Oktoba ko Nuwamba. A lokacin zafi ya ragu. Raƙuma sun ci ɗanyar ciyawar damina, sun yi ƙiba, tozonsu ya cika. Dabinon Balma da na Fashi kuma ya nuna, an girbe shi.

Madugu yakan duba raƙuma ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rame, ko mai gyambo a baya, ko mai ɗingishi, a gida ake barinsa. In raƙumi ya kasa a tsakiyar hamada, ba a jiransa, kuma kayansa sun zama nauyi ga sauran.

Shiri na biyu: ruwa

Mai tafiya cikin gari yana ƙirga hanya da garuruwa. Mai tafiya cikin hamada yana ƙirga ta da rijiyoyi. Tambayar madugu ta fari ita ce: daga wannan rijiya zuwa ta gaba kwana nawa ne?

Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa gabas zai iske wata rijiya mai suna a duniya. Kusa da ita a da akwai itace guda tak, ba ta da maƙwabciya ko ta ina. Ana kiran ta Itaciyar Tenere. Da aka gina rijiyar a shekarun 1938 da 1939, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da metir 30 suna neman ruwa. Matafiya ba su taɓa saran reshenta don hura wuta ba, saboda ita ce alamarsu. A 1973 wata babbar mota ta buge ta, ta faɗi. An kai gungumenta gidan tarihi na Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a madadinta.

Daga wannan rijiya har Fashi, wanda ake kuma kira Agram, tafiyar kwanaki ce ba ɗigon ruwa. Daga Fashi sai a ƙara wasu kwanaki kafin a ga itatuwan dabinon Balma. Akwai wata hanya ta arewa, wadda ke bi ta rijiyar Ashegur.

A cikin salka ake ɗaukar ruwa, wato fatar akuya da aka jeme aka ɗinke. Tun a gida ake cika kowace salka, a rataye ta, a ga ko tana yoyo. Ana tafiya da guga da doguwar igiya, don rijiya ba ta da amfani ga wanda ba shi da abin jan ruwa. Yau wasu suna haɗawa da jarka. Ku riƙe wannan: litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ruwa ya fi komi nauyi cikin kayan matafiyi, kuma shi ne abin da ba a ragewa.

Shiri na uku: abincin dabba da na mutum

A Tenere raƙumi ba ya samun ko tsinke ɗaya. Don haka kafin a tashi, maza sukan yi makonni suna yankan ciyawa a gindin duwatsun Abzin, suna ɗaure ta dami dami. Suna kuma tuƙa igiyoyi da yawa. Ranar tashi, in ka hango ayari, sai ka ce rumbuna ne ke tafiya. Ana sa wa raƙuma takunkumi don kada na baya ya cinye kayan na gaba.

Ga wata dabara mai kyau. Ba su kai ciyawar duka Balma. A zango zango suna ajiye wasu dammuna bisa rairayi, su wuce. In suna komowa da gishiri mai nauyi, sai su tarar da abincin dabbobinsu yana jiran su. Wato tun ranar zuwa sun shirya ranar komowa.

Guzurin mutane kuwa ba shi da yawa, amma yana riƙe ciki: gero, da dabino, da cuku, da shayi, da sukari. Mata ne ke daka gero da cuku da dabino tare tun a gida. A hanya sai a ɗiba, a dama da ruwa, a sha kamar fura. Ba ya bukatar wuta, kuma ba ya lalacewa da wuri. Har itacen girki ɗauko shi ake yi.

Ba a mance da bargo ba. Da rana zafi, amma da dare sanyin hamada yana ratsa ƙashi. Akwai rawani na kare fuska daga rana da ƙura, da takalman fata, da allura da zare na gyaran abin da ya yage.

A bisa hanya

Da safe ake ɗaura kaya, a jera raƙuma, kowane an ɗaure akalarsa ga na gabansa. In ayari ya tashi, ba ya tsayawa sai dare ya yi nisa. Ana yin awa 14 ko fiye ana tafiya, a ci kilometir 40 zuwa 50 a yini. Mutane sukan taka da ƙafa da sanyin safiya, in rana ta take su hau, in ta yi sanyi su sauka.

Me ya sa ba a tsayawa? Domin kowace awa da aka ɓata, ruwa ne aka sha, ciyawa ce aka ci, ba a matsa gaba ba. A cikin tafiya ake dama abinci. A cikin tafiya ake dafa shayi, wani yaro yana riƙe da ɗan murhun gawayi, yana bin layi yana miƙa wa kowa. In lokacin salla ya yi, mutum ya ratse gefe ya yi taimama ya yi sallarsa, sannan ya gaggauta ya cim ma ƴan'uwansa.

To, da me madugu ke gane hanya, tun da iska tana share sawu? Da rana yana duban inuwarsa, da yadda iska ta jera tuddan rairayi, da duwatsun da ya sani, irin dutsen Madet. Da dare yana duban taurari. A watannin nan, Kaza da Ƴaƴanta tana fitowa daga gabas bayan faɗuwar rana, daidai inda ayari ya nufa. Ba a damun madugu da surutu. Kuskure kaɗan ya isa a wuce rijiya ba a gan ta ba.

Balma da komowa

Mutanen Balma Barebari ne da Tubawa. Ruwan sama ba ya zuwa musu sai nadiran, don haka ba su noman gero. Amma suna da dabino, suna da ramukan gishiri a Kalala. Rana ce ke ƙafar da ruwan ramukan, gishiri ya fito. Farin ana ce masa beza, shi ne na miya. Wanda aka kwaɓa aka zuba cikin gungumen dabino da aka rarake, shi ne kantu, na bisashe. Ayari ya ba da gero, ya karɓi gishiri da dabino. Raƙumi ɗaya kan ɗauko kantu 4 zuwa 6. Ba a daɗewa, don ciyawa tana ƙarewa. Zuwa da komowa wajen wata guda ne, ko fiye.

Bayan an huta a gida, sai a gangaro kudu, ƙasar Hausa: Damargu, Tasawa, Dakwaro, Maraɗi, har Kano. Raƙuma su ci kara a gonakin da aka girbe, su bar wa manomi taki. Fatake su sayar da gishiri, su sayi gero, su koma arewa kafin damina. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa. Yanzu manyan motoci suna ɗaukar gishiri mai yawa, ayari ya ragu. Amma hamada ba ta sake hali ba. A watan Oktoba 2013, mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace. Mota tana da sauri, amma in ta mutu, ruwan da ke hannu ne kawai ke tsakanin mutum da ajali.

A wasu ƙasashe

Akwai mutanen da ke yin doguwar tafiya a daji don sha'awa, kayansu cikin jaka a bayansu. A Amurka akwai hanyar ƙafa ta duwatsun Apalash, mai tsawon wajen kilometir 3500, wadda aka gama buɗewa a 1937. Mai son ratsa ta duka yakan yi wata 5 zuwa 7. Su ma suna zaɓen lokacin tashi, suna rubuta wuraren ruwa, suna aika abinci gaba ya jira su. Ba su san madugun Abzin ba, amma dabararsu ɗaya da tasa.

Abin riƙewa

1. Ka tambayi wanda ya san hanya. Matambayi ba ya ɓata.
2. Ka zaɓi lokaci, ka guji tsakar rana da bazara.
3. Ka san inda ruwa yake, ka ɗauki fiye da bukatarka.
4. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka shaida wa na gida inda za ka da ranar komowarka.
5. Ka gwada kayanka tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kalmomi

Ayari: taron matafiya da dabbobinsu.
Zango: wurin da matafiya ke sauka su kwana.
Akala: igiyar jan raƙumi.
Guzuri: abincin da matafiyi ke ɗauka.

Tambayoyi

1. Me ya sa ayari ke tashi da kaka?
2. Don me ake ajiye ciyawa a hanya?
3. Da waɗanne abubuwa madugu ke gane hanya?
4. Mene ne bambancin beza da kantu?

Lissafi

Mutum 6 za su yi tafiyar kwana 5 ba rijiya. Kowane yana bukatar litir 6 a yini. Salka ɗaya tana cin litir 20. Salka nawa za su cika? In madugu ya ce a ƙara ruwan kwana 2 saboda tsaro, salka nawa ke nan?

Aiki

Ku je wurin wani dattijo ko makiyayi a Sabon Maci, ku gaishe shi, ku ce: "Baba, wace tafiya ce mafi nisa da kuka taɓa yi da ƙafa?" Ku rubuta sunayen rijiyoyi da garuruwan da ya bi. Gobe kowa ya zana hanyar cikin littafinsa, ya sa alama ga kowane wurin ruwa.