Tebur Mai Gefen Halitta: Abin Da Ke Ɓoye Cikin Katako

Kafinta a kasuwar katako ya saba gyara gefen katako ya miƙe sambal kafin ya fara aiki. Akwai kuwa wani irin tebur da ake barin gefensa yadda bishiya ta tsiro da shi, da lanƙwasarsa da ƙullutunsa. Wanda ya fi kowa fito da wannan salo shi ne George Nakashima (1905-1990), Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda ya yi sana'arsa a garin New Hope na jihar Pennsylvania. Sunan da Turawa suka ba wannan gefe yana nufin "gefe mai rai". Ko da gangan suka raɗa shi ko a'a, sunan ya dace da ilmin halittu, domin a jikin kututturen bishiya, nan ne rai ya fi taruwa.

Idan aka yanka gungume a kwance aka dubi fuskarsa, za a ga ɓawo daga waje. Ƙarƙashinsa akwai wani siririn shimfiɗi mai danshi da ake kira kambiyam, wanda kaurinsa bai kai na takarda ba. Ƙwayoyin halittarsa ne ke rarrabuwa, suna samar da sabon ɓawo ta waje, sabon itace ta ciki. Sai farin itace, hanyar da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, kuma rumbun da bishiya ke ajiye sitaci. Can tsakiya sai zuciyar itace, wadda ƙwayoyinta sun mutu tuni, bishiya ta cika ta da sinadarai masu ba ta launi da korar ƙwari. Ja mai duhun da ake sha'awa a katakon maɗaci na zuciyar ne. Ashe ke nan mai son teburin nan ya zaɓi ya riƙe sashen da kafinta ke yankewa ya yar, wato sashe mafi rauni.

Matsala ta farko ɓawo ce. Mutane da yawa kan so su bar shi don kyau, amma abin da ke manne shi da itace kambiyam ne, kuma da zarar ya mutu ya bushe, sai ɓawon ya saki, ko bayan shekara ne. Gara a ɓare shi tun farko da hannu da wuƙa mara kaifi, a goge wurin a hankali, siffar gefen tana nan. Akwai kuma ƙananan ƙwari masu saka ƙwai cikin ƙofofin farin itace. Tsutsotsinsu su yi ta cin sitacin nan watanni, mai tebur bai sani ba, sai ranar da ya ga ƙananan huda da wani gari mai laushi a ƙasa. Zafi yana kashe su: ƙa'idar da ake bi wajen katakon ɗaure kaya tsakanin ƙasashe ita ce tsakiyar katakon ta kai digiri 56 na ma'aunin Salshiyas har tsawon minti 30.

Babban al'amarin dai shi ne ruwa. Ɗanyen itace yana ɗauke da ruwa iri biyu. Akwai wanda ke kwance cikin ramin ƙwayoyin halitta kamar ruwa a tulu, akwai kuma wanda ya shige cikin bangon ƙwayoyin kansu. Na farko ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Sai danshi ya sauko zuwa wajen kashi 30 cikin 100, sannan bango ya fara sakin nasa, daga nan itace ya fara tsukewa.

Tsukewar kuwa ba daidai take ta ko'ina ba, kuma nan ne ɗalibi ya kamata ya natsu. Ta tsawo, katako kusan ba ya raguwa ko kaɗan. Daga tsakiya zuwa ɓawo yana raguwa. Amma ta kewayen zoben da ke fuskar gungume, raguwar takan kusa ninka wancan sau biyu. Wannan bambanci shi ke sa faffaɗan katako ya lanƙwashe kamar akushi, gefunansa su ɗaga zuwa wajen ɓawo, shi ne kuma ke sa katakon da ya ƙunshi cibiyar bishiya ya tsage. Bakin katako, inda aka datse jijiyoyinsa, yana zubar da ruwa fiye da sau goma bisa ga sauran jikinsa, saboda haka tsagewa daga nan take farawa. Maganinta a shafe bakunan biyu da kakin zuma ko fenti tun ranar da aka yanka.

Ana jera katakan a inuwa, bisa duwatsu saboda gara, a sa siraran sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Masu sana'ar a ƙasashen sanyi sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri. Iskar hunturu tana gaggauta aikin, sai dai gaggawar kanta haɗari ce, domin waje yakan bushe ya tsuke alhali ciki na nan jiƙe, sai fuska ta daddare.

Malamin kimiyya zai iya nuna wannan a ɗakin gwaji da sikeli da tanda kawai. A yanko guntun katako a auna, a gasa shi a digiri 103 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa. A cire nauyi na biyu daga na farko, a raba da na biyun, a ninka da 100. Guntun da ya sauka daga giram 130 zuwa giram 100, danshinsa kashi 30 ne, bai isa aiki ba tukuna.

Ko bayan ya bushe, katako ba ya zama wuri ɗaya. Idan danshin iska ya kai kashi 80, kamar a watan Agusta, itace yakan tsaya a wajen kashi 16. Idan ya sauko kashi 20, kamar cikin hunturu a Kano ko Damagaram, sai ya koma ƙasa da kashi 5. Teburin da faɗinsa ya kai santimita 60 zai iya buɗewa da tsukewa da kusan santimita guda tsakanin damina da rani. Don haka idan za a ɗaura ƙafafu, sai a yi ramukan sukurori da ɗan tsawo ta faɗin tebur, ya sami wurin motsi. Wanda ya ɗaure shi tamau, teburin zai nemo wa kansa hanya ta hanyar tsagewa. Mai ko kakin da aka shafa a sama kuma, a shafa irinsa a ƙasa, don fuskokin biyu su sha danshi daidai. Tsagar da ta riga ta auku, Nakashima ba ya ɓoye ta. Yakan sassaƙa wani ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi, ya dasa shi a gicciye, jijiyoyinsa suna ƙetare tsagar, su riƙe ta.

Saura zaɓen itace. Kuka ba ta yi, domin cikinta laushi ne da ruwa. Maɗaci da kawo da madobiya suna da kyau, amma saransu ya yi yawa har aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu a 2017, maɗaci da kawo suka biyo baya a 2023. Darbejiya dangin maɗaci ce a ilmin tsirrai, katakonta ja ne mai ƙarfi, kuma kowace damina guguwa takan kayar da wasu a bakin titi da harabar makarantu. Irin wannan gungume, da aka saba faskarewa a kai murhu, ya isa ya ba da katako biyu ko uku na tebur.