Farfesa Auwalu Yadudu da Tarihin Kotun Alƙali

Ɗalibin da ke wucewa ta gaban kotun alƙali a Wurno ko Raba bai cika tambayar yadda aka yi majistare ya zo ya zauna kusa da ita ba. Wannan tambaya ce Farfesa Auwalu Yadudu, masanin shari'a na Jami'ar Bayero, ya daɗe yana bibiya. Bayan karatunsa a Harvard ta Amurka, ya nuna a wata maƙala ta 1992 yadda mulkin Turawa ya sauya shari'ar Musulunci a Arewa, ya rage mata iko sannu a hankali. Kundin laifuffuka na 1960 ya ƙarasa aikin. A 2016 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi.