Ɗumame da Ƙa'idodinsa

A gidajen Hausawa ba a zubar da tuwon dare. Da safe akan yi ɗumame a karya kumallo. Wannan tattali abin yabo ne, amma yana da ƙa'idodi.

Ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa da sauri cikin abincin da ya huce, musamman lokacin bazara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da sa'a 2 ba a sa shi cikin sanyi ba.

Inda babu firiji, uwargida ta tafasa miya kafin kwanciya, ta rufe, kada kowa ya tsoma cokali. Da safe ta sake tafasawa. Tuwo kuwa a yanyanka shi ƙanana, a dafa har tururi ya ratsa cikinsa. Sau ɗaya ake ɗumame.

Shinkafa ta fi haɗari, domin dafin da ƙwayoyinta ke bari ba ya mutuwa da wuta, ba ya kuma wari. Wadda ta kwana a waje, a zubar da ita. Asarar kwano ɗaya ta fi jinyar yaro sauƙi.