Darasin Wata: Yadda Ake Yanka wa Tsohuwar Mota Kuɗi Idan Ba Ta Sha Tafiya Ba

Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ma'aikata da yawa suka baro Kano suka tare a Dutse. Yawancinsu sun yi ritaya yanzu. A unguwanni irin su Yalwawa akan ga motocinsu a rumfa an lulluɓe da tamfol. Daga gida sai sakatariya, sai masallacin Juma'a, sai kasuwar Shuwarin jefi-jefi, iyakar tafiyarsu ke nan. Idan bukata ta taso, ko ta aurar da 'ya, ko ta asibiti, ko rabon gado, irin wannan mota ake fara dubawa. To, nawa za a ce?

Masu irin wannan mota sukan yi kuskure iri biyu. Wani yakan tuna kuɗin da ya saya, in an ninka masa sai ya sallama yana murna. Bai lura ba cewa a 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Motoci da kayan gyaransu kuwa daga waje ake shigo da yawancinsu. Watau abin da ya ɗauka riba ce, faɗuwa ce. Wani kuma yakan ce ai motarsa sabuwa ce tun da ba ta je ko'ina ba, sai ya tsawwala kuɗi. Haka za ta shekara a ƙofar gida, masu saye na zuwa suna juyawa.

Abin da ke yanke kuɗin mota shi ne kasuwar yau. Mai mota ya nemi motoci uku ko huɗu irin tasa, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, shekarar ƙira ɗaya, ya ji nawa aka sayar da su. Nawa aka sayar, ba nawa aka yi musu kuɗi ba. Kuɗin da ake rubutawa a Facebook ko a jikin gilashi na buɗe ciniki ne kawai. Kanikawa da direbobin tasha sun fi kowa sanin inda ciniki ke faɗawa, kuma tambaya ba ta cin ko sisi. Har ila yau kada ya gwada motarsa da 'yar Kwatano ko Beljiyam wadda ba a taɓa yi wa lamba ba. Motar da aka hau a nan gida kullum tana ƙasa da su a kasuwa, komai tsabtarta.

Sai a zo kan mitar da ke ƙirga tafiya. Alal misali, mota mai shekara 15 ta nuna kilomita 60,000. In aka raba 60,000 gida 15, za a samu kilomita 4,000 a shekara. Wannan kaɗan ne ƙwarai. Daga Dutse zuwa Kano ya fi kilomita 100, saboda haka motar haya mai zuwa da dawowa kullum za ta cinye 60,000 ɗin cikin kwana 300 ko ƙasa da haka. Amma a duba da kyau, motocin da aka ƙera don Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mil 60,000 ya kai kilomita 96,000.

Mai saye ba zai yarda da mita haka kawai ba, kuma yana da gaskiya, don kowa ya san ana juya ta baya. Shaida yake so. Rasit na juyen baƙin mai masu kwanan wata, da bakaniken da ya saba duba motar, su ne shaidu na farko. Sauran shaidar tana jikin motar: robar fedar birki, da sitiyari, da kujerar direba. In mita ta ce tafiya kaɗan amma fedar ta suɗe sumul, to ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Wanda ba ya ajiye rasit, a nan zai ga amfanin takarda.

Abin da masu mota ba su cika son ji ba shi ne, zama ma yana cin mota. Roba ba ta san kilomita ba, shekaru ta sani, balle a zafin bazara irin na Dutse. Taya takan tsattsage ko da zanenta bai goge ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Taya mai irin wannan shekaru ta gama aiki. Bel ɗin inji da tiyon lagireto sukan bushe, batir ya mutu, birki ya cije, fetur ya lalace a tanki, ɓeraye kuma su samu gida a cikin wayoyi. Gajeriyar tafiya ta cikin gari ma ba ta barin inji ya yi zafi sosai, sai baƙin mai ya riƙa tara dauɗa. Don haka kafin a kira kowa, a kai motar wurin bakanike amintacce ya rubuta abin da take bukata da kuɗinsa. In samfurin ya tsufa har kayansa sun yi wuya a Ƙofar Ruwa ta Kano, wannan ma zai rage mata daraja. Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna ta yi farin jini a zamaninta, amma yau masu nemanta ba su da yawa.

Ga lissafin. Waɗannan kuɗaɗe misali ne don koyo, ba farashin kasuwa ba. A ɗauka an sayar da motoci uku irin ta mutum a kan naira 4,200,000, da 4,500,000, da 4,800,000. In aka haɗa aka raba uku, tsakiyar ita ce 4,500,000. Saboda ƙarancin tafiya mai shaida, a ce ya ƙara kashi ɗaya cikin goma, watau 450,000, ya zama 4,950,000. Bakanike ya ce taya huɗu da batir da bel za su ci 350,000. A cire, saura 4,600,000. Wannan shi ne kuɗin motar. Yana iya buɗe ciniki da 4,900,000 don a samu wurin ragi, amma ya riga ya yanke a ransa inda zai tsaya da cewa albarka, ya kuma rubuta ya ajiye. Wanda bai yi haka ba, dillalai uku suka kewaye shi suna kushe motar, sai ya rikice.

In da dillali a ciki, a yi maganar la'ada tun farko, a san wanda zai biya. A kuma tabbata mai mota ya ji da kunnensa abin da mai saye ya taya, don wani dillalin yakan ci ta gaba ya ci ta baya. Aibin da aka sani a faɗe shi. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano an ɓoye masa aibi, ga kuma zubar da mutunci a unguwa.

Takardu su ma kuɗi ne. Motar da ba ta da takardar kwastan, ko lambar shasinta ta saɓa da ta takarda, ba ta yin daraja. Ranar ciniki a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunaye, da lambar mota, da lambar inji da ta shasi, da kuɗi, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu. Kada a miƙa makulli don an nuna saƙon banki a waya, sai an tabbatar kuɗin sun shiga asusu. Mai sayarwa ya riƙe kwafi, ya kuma matsa a canja sunan mallaka, don in motar ta yi ɓarna da sunansa, shi za a fara nema.

Aikin aji: An sayar da mota naira 4,600,000, dillali ya karɓi naira 5 cikin kowace 100. Nawa ne la'adarsa, nawa kuma ya rage wa mai mota? Ɗalibai su yi a littafinsu su nuna wa malami.